Kanwa da Tsamiya Ne a Jakar Malam Tasi'u

Ina Kano, a shagon da ake buga takardu, ina jiran a fitar mini da na tafiya bautar ƙasa, labarin ya same ni. Ba kirana aka yi ba. A gurup ɗin waya na matasan ƙauyenmu na gani, wani ya rubuta: "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Mai Kwalba ya rasu da safiyar nan. Jana'iza bayan Azahar." Wasu suka yi addu'a. Sai wani ya rubuta a ƙasa: "To wa zai gaji kamfanin?" Aka sa masa hoton dariya.

Na yi ta dubawa ko akwai wanda zai rubuta sunansa na gaskiya. Babu. Saboda haka da shi zan fara. Sunansa Malam Tasi'u. Ya koyar da kimiyya a ƙaramar sakandaren da yaran ƙauyukanmu suke zuwa, tsakanin Makoda da Ɗambatta, har ya yi ritaya. Ya daɗe yana na'ibin liman a masallacin unguwarmu. Ni Mustafa ɗalibinsa ne, kuma maƙwabcinsa, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Bana na gama jami'a a fannin kiwon kifi, kuma shi ne dalilin da na karanta shi. Ni ba mai ƙarfin hali ba ne, na rubuta wannan na goge ya fi a ƙirga. Abin da na gani da idona zan ce na gani. Abin da aka gaya mini zan ce an gaya mini. Haka ya koya mana.

Ba zan ce Malam mutum ne mai sanyin baki ba, domin waɗanda suka zauna a ajinsa za su ƙaryata ni. Bai cika duka ba, amma harshensa ya fi bulala. Wata rana ya tambaye ni yawan ruwan da ya rage a cikin gwangwanin da muka ajiye a rana, na ce kusan rabi. Ya ce, "Kusan rabi nawa ne? Idan mahaifiyarka ta aike ka awon kusan rabin mudu, me za ka kawo mata?" Aji ya yi dariya, ni kuwa na yini ina jin haushinsa. Duk maganar da ka kawo masa, tambayarsa ɗaya ce: "Ka gani, ko an gaya maka?" Idan ka ce an gaya maka, ba ya faɗa. Sai ya ce to ka faɗe ta a haka, kada ka sa mata rigar da ba tata ba.

Manoma sun san amfanin wannan hali nasa. Da damina za ka ga mutum ya tsaya a ƙofar zaurensa da robar maganin feshi, Malam ya sa tabarau ya karanta masa awon da aka rubuta, ya ɗauko murfi ya nuna masa iyakar inda zai cika. Idan mutum ya ce zai ƙara kaɗan don ya fi ƙarfi, sai ya ce, "Ƙara. Amma idan waken ya ƙone kada ka ce aljanu ne." Bai taɓa karɓar ko goro a kan wannan ba.

Bayan ya yi ritaya ne ya haɗa tankin gilashin. Mai yankan gilashin taga a Ɗambatta ya yanka masa, shi ya manne da hannunsa, ya ajiye a zaure kusa da tagar gabas. Ya zuba yashin rafi a ƙasa, ya dasa tsirran da suke rayuwa a cikin ruwa, wasu daga madatsar ruwan da ke kusa da mu, wasu daga wani shago a Kano, ya saki ƙananan kifaye masu launi. A garin da ko'ina ka duba gona ce ta gero da gyaɗa, shi ya yi tasa gonar a cikin ruwa, tsawonta bai fi hannu biyu ba. Mutane suna zuwa kallo a lokacin. Har Liman ya taɓa zama a gabanta yana tasbihi.

Tsiro, na tudu ne ko na ruwa, da iskar kabon yake haɗa abincinsa idan akwai haske. Ita ce iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi. A cikin tanki ba ta isa, sai an ƙara. Masu hali suna sayen tukunyar gas. Malam ya yi tasa dabarar: gorar roba, ruwa, sukari, da ɗan yis irin na fanke. Yis yana cin sukari yana fitar da iskar, ita kuma ta bi ta igiyar ƙarin ruwa irin ta asibiti, wadda ya saya sabuwa a kemis, ta fita a cikin tankin ta bakin ɗan guntun tsakiyar karan dawa, ƙwaya-ƙwaya kamar gero.

Haɗarin shi ne idan iskar ta yi yawa kifi ya shaƙe. Don haka ya sayo wata 'yar kwalbar gilashi, ba ta fi babban yatsa ba, wadda ake mannawa a jikin tankin ta ciki, bakinta yana kallon ƙasa. Masu sayar da ita suna ce mata dirof-ceka, Malam yana ce mata 'yar awo. Akwai ruwan awo mai launi a cikinta, kuma ba ya haɗuwa da ruwan tankin, gurbin iska ne a tsakaninsu. Iskar kabon tana fita daga ruwan tanki, ta ratsa gurbin, ta shiga ruwan awon ta canza masa launi. Shuɗi, iska ta yi kaɗan, tsirrai suna yunwa. Kore, daidai. Rawaya, ta yi yawa, kifi yana cikin haɗari. Yakan manna ta nesa da inda iskar take fitowa, don kada ta ba shi labarin kusurwa ɗaya. Kafin Magariba yakan zare igiyar, saboda tsiro ba ya cin iskar a duhu. Idan launin ruwan awon ya fara kodewa sai ya zubar ya sa sabo.

Ranar da ya fara nuna mini ita ya ce, "'Yar awo ba ta ƙarya, amma ba ta sauri. Abin da take nuna maka yanzu ya faru tun sa'a ɗaya ko biyu da suka wuce. Ka duba launi, amma ka duba kifin. Idan ka ga ya hau sama yana haki, kada ka tsaya jiran launi, ka cece shi tukuna."

Sai shekarun nan suka zo, da man fetur ya tashi komai ya bi shi. Taki ya gagari manomi. Gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Mai shayi ya fara auna sukari yana kallon fuskarka. A irin wannan lokaci, mutumin da yake zuba sukari a gora don ciyawa ta ci ba zai rasa masu jin haushinsa ba, ko da kofi ɗaya ne a mako biyu, kuma daga fanshonsa. Magana ta fara da sukari. Daga baya wani ya shiga zauren lokacin da Malam yake buɗe tsohuwar gora, ya ji wari, ya fita ya ce ya san wannan warin. Babu wanda ya tambaye shi a ina ya san shi.

Ina gida hutu ranar da suka zo, ina taya Malam canjin ruwa bayan La'asar. Yayansa ne a gaba, Alhaji Garba, ɗan kasuwar gyaɗa, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Liman yana biye, da wasu dattawa biyu.

Alhaji Garba ya ce, "Tasi'u, buɗe gorar nan."

"Yaya, ku zauna mana tukuna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Malam ya buɗe. Ɗaya daga cikin dattawan ya toshe hanci da hannun rigarsa. Liman tsoho ne mai son zaman lafiya, kuma na ga yana nema wa Malam hanyar fita. Ya ce, "Malam Tasi'u, ni na san ka. Ruwan sukari ne da yis, ko ba haka ba? Ka ce haka ne mu tashi, kowa da abin da ke gabansa."

A zuciyata ina ta roƙon ya ce e. Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, ranar da na haɗa, haka ne. Yau ba haka ba ne."

"To yau mene ne?"

"Yis ya cinye sukarin. Ya ba ni iskar da nake so, ya bar wani abu a cikin ruwan. Wanda ya sha da yawa zai bugu."

"Kai ka sha?"

"Ko a harshe ban taɓa sawa ba. A shadda nake juyewa."

Alhaji Garba ya juya ga sauran ya ce, "Kun ji da bakinsa. Na'ibinku yana dafa giya a zaure."

Malam ya ce, "Ban dafa ba, Yaya. Babu wuta a ciki."

Dattawan suka fashe da dariya, kuma daga wannan dariyar ban ƙara ganin an saurare shi ba. Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba Alhaji, ƙullin fanke ma haka yake tashi, yis ɗin ɗaya ne." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan jami'a, kai ne mai ɗanɗana masa? Shi ya sa idonka ya yi ja."

Da suka fita na ce, "Malam, da ka ce e kawai." Ya ce, "Liman ya tambaye ni abin da ke ciki. Da ya tambaye ni abin da na zuba, da na ce sukari. Mustafa, idan na yi ƙarya don in ci gaba da tsayawa a gaban sahu, da wane baki zan karanta Fatiha?"

Kafin mako ya zagayo an naɗa sabon na'ibi, surukin Alhaji Garba ne. Wannan na sani. Abin da ke zuciyar Alhaji ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira masa ba.

Akwai abin da mutane ba sa faɗa idan suna ba da wannan labari. Washegarin ranar da suka zo Malam ya hau mota zuwa Ɗambatta, ya je wurin wani malamin fiƙihu ya zayyana masa komai. An gaya masa cewa tunda abin maye yana samuwa a ciki, ya bari, ko da ba sha yake yi ba. Ya dawo ya juye gorar, ya ƙona ta. Ya ce mini, "Da tun farko na yi wannan tambayar. Na auna iska, ban auna wannan ba. Kuskurena ne." Daga ranar bai ƙara sayen yis ba har ya koma ga Allah. Ya koma kanwa da tsamiya, abin da kowace mace take da shi a madafa. Gora ɗaya ruwan kanwa, ɗaya jiƙon tsamiya a rataye a sama, yana ɗiga ta igiyar ƙarin ruwa. Duk ɗigon da ya faɗa kan kanwar sai ta yi kumfa ta fitar da iskar. Aikin ya fi na da wahala, domin kanwa ba ƙarfinta ɗaya ba, tsamiya ma haka. Yau ka ga shuɗi, gobe ka ga ta doshi rawaya. Sai ya zama yana yini a gaban tankin, yana murza ɗan tayan da ke jikin igiyar, ya jira, ya duba 'yar awo, ya duba kifi.

Ya miƙe a masallaci bayan sallah ya faɗi duk wannan. Ya ce ƙofarsa a buɗe take, duk mai so ya zo ya shinshina, ya ɗanɗana. Na ji da kunnena wani a baya ya ce, "Sabon samfuri ya fito ke nan." Babu wanda ya zo.

Abin da ya biyo baya ba duka ba ne, ba kora ba ce, ƙananan abubuwa ne na kullum. A sahu sai a bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi, idan ya matsa a matsa. Mai shayi ya ware masa kofi guda mai tsaga a baki. Idan ya wuce majalisa sai wani ya tashi ya yi tafiyar tangaɗi a bayansa, saura su danne dariya har sai ya yi nisa, wani lokaci ma ba sa jira. Matarsa, Inna Hajara, ta daina zuwa suna da biki, saboda wata ta tambaye ta a gaban mata ko ita ce mai tacewa. 'Yarsu ɗaya, Hauwa, tana aure a Zakirai, har can maganar ta bi ta. Masu maganin feshi ba su daina zuwa ba, sai dai sun koma zagayowa ta bayan gida, su miƙo robar ta kan katanga. Yana karanta musu kamar da. Na taɓa ce masa ya ƙi. Ya ce, "Waken bai yi mini komai ba."

Sau ɗaya kawai na ga abin ya taɓa shi. Na dawo hutun ƙarshe, na same shi zaune gaban tankin, tsirran sun yi kyau ƙwarai, ganye yana ta sakin ƙananan ƙwayoyin iska a cikin hasken taga. Ya ce, "Dubi abin da Allah Ya yi. Shekara guda ke nan babu wanda ya gani sai ni da Hajara." Daga nan ya ce in miƙo masa tsamiya.

Ranar da ya faɗi, daga kasuwar Ɗambatta yake. Ya sauka daga mota a bakin titi, ya kama hanyar da ta ratsa gonaki zuwa gari. A mararrabar da 'yan acaba suke tsayawa ya yanke jiki. Ba na wurin, amma na ga abin da ya faru, domin ɗaya daga cikinsu ya ɗauka a waya ya sa a gurup ɗin da na ambata.

Yana kwance a gefe, hularsa ta faɗi. Bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ba ya motsi, yana ƙoƙarin magana harshen ya ƙi. Ana jin murya tana cewa, "Malam, ta yau ta yi ƙarfi ke nan?" Wata ta ce, "Malam Na'ibi, tashi ka ja mu sallah mana!" Wani ya ce a ɗaga shi, aka ce masa, "Bar shi ya huce, idan ta sake shi zai tashi da kansa." Sai wata ƙafa ta shigo hoton, ta taka jakarsa ta zazzage, ana neman kwalba. Abin da ya zubo ana ganinsa sarai: dunƙulen kanwa da curin tsamiya. Aka mai da waya kan fuskarsa.

A bidiyon inuwar mutane gajera ce, rana tana tsaka. Ni kuwa sai bayan La'asar ya iso wayata. Ina ganin bakin na san ba maye ba ne. Na kira mahaifiyata, ta ce ai wasu mata da suke dawowa daga injin niƙa sun tsince shi, sun sa an ɗora shi a amalanke an kai shi gida, yanzu ana neman motar asibiti. Abin da nake kallo ya riga ya wuce tun da daɗewa.

A asibiti a Kano likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya kawo ta. Ya ce an daɗe kafin a kawo shi. Bai ce da an kawo shi da wuri zai tashi ba, kuma ba zan sa masa maganar da bai faɗa ba. Na je duba shi. Ba ya iya magana, amma ya gane ni. Ya ɗaga hannun hagu ya haɗa yatsu biyu, ya yi alamar ƙaramin abu. Na ce, "Kifayen suna nan lafiya, Malam." Ya ƙura mini ido bai ƙifta ba. Na san tambayar. Na ce, "An gaya mini ne. Ban gani ba." Ɓarin bakinsa mai rai ya ɗan motsa, ya rufe ido. Wannan ce ganawarmu ta ƙarshe. Bayan 'yan kwanaki aka sallame shi, aka mai da shi gida, a can ya cika.

Jama'a sun zo jana'iza, ba zan rage musu ba. Wanda ya ɗauki bidiyon yana cikin masu ɗaukar makara.

Da safiyar ranar sadakar uku Inna Hajara ta aika a kira ni. Tana zaune a bakin ƙofar da ta haɗa zaure da cikin gida, ta lulluɓe. Ta nuna tankin ta ce, "Mustafa, duba mini. Malam ya ce idan 'yar awo ta yi rawaya in zare igiya. Bai gaya mini abin da zan yi idan ta yi shuɗi ba." 'Yar awo ta yi shuɗi sosai. Gorar tsamiya ta bushe tun yana asibiti, gefen ganyayyaki ya fara narkewa, kifayen dai suna nan. Ta miƙo mini jakarsa. Matan da suka tsince shi sun tattara abin da aka zazzage sun mayar, har da ƙasar hanya a jiki. Na wanke, na jiƙa tsamiyar, na narka kanwar, na ɗaura igiya, na saita ɗigon kamar yadda na ga yana yi. Sauran jiƙon na bar shi a kofi. Na fita wurin addu'a.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an yi karatu, an raba waina. Sai Alhaji Garba ya gyara murya ya ce, "Jama'a, ƙanena ne, ciki ɗaya muka fito. Abin da ya yi kowa ya sani, ba sai na faɗa ba. Ku taya ni roƙon Allah Ya yafe masa, Ya sa jinyar nan ta zama kaffarar abin da ya sha."

Aka ce amin da ƙarfi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na shiga zaure na fito da jakar da kofin. Na zazzage sauran kanwar da tsamiyar a kan tabarma na ce, "Baba Alhaji, ku gafarce ni. Ga abin da ke jakarsa ranar da ya faɗi, duk mai bidiyon ya gani. Likita ya ce hawan jini ne, da kunnena na ji. Wannan kuma shi ne ruwan da ke gorarsa. Tsamiya ce. Ga shi, kowa ya ɗanɗana." Na miƙa dama, na miƙa hagu, babu hannun da ya motsa. Sai na kafa kai na shanye.

Daga can bayan taro wani ya ce, "An samu magaji."

Dariya ta tashi a wurin zaman makoki, wasu suna rufe baki da hula. Alhaji Garba bai yi dariya ba, ya ce, "Allah Ya shirya mana zuri'a." Aka sake cewa amin. Liman ya ce a yi salati, aka shafa Fatiha, aka watse.

Ina kwashe kanwar daga tabarma Liman ya tsaya a kaina. Ya rage murya ya ce, "Yaro, ni na san bai sha ba. Tun ranar na sani." Na ce, "Allah gafarta Malam, da ka faɗa musu." Ya ce, "An riga an binne shi. Tayar da maganar raba zumunci ne." Ya sa takalminsa ya tafi.

Na koma zaure. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kan tankin. 'Yar awo ta koma kore, ba mai duhu ba, ba mai haske ba, daidai inda yake so. Na kira Inna Hajara ta leƙo. Ni da ita muka gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To koya mini shuɗin, tunda kai ma tafiya za ka yi." Mun mai da tankin ɗakinta, kusa da taga, inda za ta yi takaba. Ta iya murza tayan yanzu, ta san ba a murzawa sau biyu a jere sai an jira launi ya iso.

Sunan bai goge ba. Jiya na wuce mararraba, wani ɗan acaba ya ce, "Ƙaramin Mai Kwalba, ina zuwa?" Ban iya gyara wa Malam sunansa a ƙofar gidansa ba, shi ya sa na rubuta a nan, inda babu mai katse ni da dariya. Na zauna da shi tun ina yaro, ban taɓa ganin ya sha abin maye ba, ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Wannan gani na yi, ba gaya mini aka yi ba. Roƙona ɗaya ne ga duk wanda bidiyon nan yake wayarsa: ya goge shi. Amma kafin ya goge, ya kalla sau ɗaya, ya ɗauke ido daga fuskar, ya dubi abin da ke zube a ƙasa kusa da shi.

Ya Allah, bawanKa Tasi'u ya zo gare Ka, kuma Kai ba a gaya maKa, gani Kake yi. Ka gafarta masa kurakuransa na gaskiya, Ka wanke shi daga wanda aka ɗora masa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa shi a sahun da babu mai matsawa daga gefensa. Ka sa ilimin da ya koyar da awon da ya karanta wa manoma su zama masa sadaka mai gudana. Ka ba Inna Hajara haƙuri da lafiya, Ka tsare mata mutuncinta a garin nan. Ka dafa wa Hauwa da 'ya'yanta, Ka sa su girma suna kiran kakansu da sunansa. Matan da suka sauke niƙansu suka ɗaga shi, Ka ɗaga su ranar da babu mai ɗaga wani. Mu kuma da muka rage, waɗanda suka yi dariya da waɗanda suka yi shiru, Ka nuna mana abin da muka aikata tun muna da sauran lokacin tuba.

Allah Ya jiƙan Malam Tasi'u. Amin.